Gujiyar Gefen Faifai

Tun ina ƴar shekara tara nake tsintar gujiya. Gujiya muke ce mata a nan Maraɗi, mutanen Kano su ce gyaɗa. Innata ce ta koya mini, ita ma wajen tata uwar ta gada, a wani ƙauye can bayan Tibiri. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma, a baza ɓararriyar gujiya a faifai, yatsu na aiki baki na hira. Mai cika, mai jan ɓawo, mai sheƙi, a tura ta ƙwarya: wannan ta kasuwa ce. Wadda ta yamushe, da wadda ta yi baƙi, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda in an ɓara ta ake ganin wani kore-kore kamar ƙura a cikinta, sai a ture su gefen faifai.

To ita ta gefen faifan ba zubarwa ake ba. Wa zai zubar da abinci? A gidanmu ko tsabar hatsi ɗaya ka taka sai ka sha faɗa. Ita ce rabon gida. A soya ta sosai har ɗacin ya ragu, a kai inji, a matse ɗan man da ke ciki, a ɗebi tunkuza ta miya, sauran a murza ƙuli-ƙulin da yara za su wuni suna gurgura. Haka na tashi na gani, haka na kai al'adar ɗakina, na yi shekara ashirin da biyu ina yi. Kuma ina alfahari da hakan, don ana yabona a unguwa cewa ni mace ce mai tattali, ba a asarar komai a hannuna.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne. Yana ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, wani lokaci har Katsina. Ban taɓa ganin mai son ƙuli-ƙuli kamarsa ba. Duk ranar da zai fita sai na ƙulle masa a leda. In yunwa ta kama shi a hanya ya jiƙa garin rogo ya farfasa a ciki, in ya dawo da dare kuma ya ce a kwaɗa masa zogale da tunkuza mai yawa. Na kasuwa ba na taɓa shi, don lissafe yake. Na gefen faifai nake ba shi.

Ciwon ya fara kamar wasa. Gajiya, rashin son abinci, da wani nauyi a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. Muka ce zaman mota ne. Da idonsa ya yi rawaya aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Babu sassaƙen da bai sha ba. Da cikin ya fara kumbura shi kuwa yana ramewa, sai magana ta canza, dangi suka fara raɗe-raɗin sammu, har aka kama sunan wani abokin aikinsa, bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Wata biyar muka ci a haka kafin a kai shi asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi masa eko, wato hoton ciki, aka ce mu wuce Yamai. Tafiyar kilomita sama da 600 da mutumin da ko zama ba ya iya yi sosai, ba na so in tuna ta.

A can wani likita, yaro ne bai fi sa'ar ƙanena na uku ba, ya kira ni da ƙanen maigidana ofis. Ya ce kansar hanta ce, kuma ta riga ta ci wuri. Ya ce a jininsa akwai ƙwayar ciwon hanta da suke kira hepatit B, kuma alamu sun nuna ta daɗe a jikinsa, mai yiwuwa tun yana yaro. Ya yi ta tambayoyi: yana shan taba? Na ce kwali guda a rana. Giya fa? Na ce a'uzubillahi, bai taɓa ba. Sai ya dube ni ya ce, "Inna, ke wace sana'a kike yi?"

Na ce, "Mai da ƙuli nake yi, likita."

Ya ce, "Gujiyar da ta lalace fa, ya kuke yi da ita?"

Wallahi da murmushi na ba shi amsa, don ina ganin abin yabo zan faɗa.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye biro ya yi mini bayani a hankali cikin Hausa. Ya ce wannan kore-koren hunhuna ce, kuma tana fitar da wata guba mai suna aflatoksin. Gubar ba a ganinta, ba a jin warinta, kuma suya ko dahuwa irin tamu ba ta kashe ta. In an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙuli. Duk abin da mutum ya ci hanta ce ke tace shi, don haka ita ke karɓar dukan, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Mai lafiyar hanta ma gubar na cutar da shi, amma wanda ke ɗauke da hepatit B haɗarinsa ya ninka sau da yawa. Ya ce, "Kin san ɗakin da gara ta ci azararsa? Ruwan da maƙwabta za su kwana lafiya a cikinsa, shi ke kada shi."

Na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na ce, "Likita, ni na kashe shi ke nan?"

Ya ce babu likitan da zai iya nuna abu guda ya ce shi ne. Ƙwayar cutar ita kaɗai tana iya kaiwa nan, ga kuma taba, ga ƙuli da masarar da ya ci a tasha-tasha da ba daga hannuna suka fito ba. Ya ce abin da ban sani ba ba laifina ba ne, amma yanzu na sani, kuma akwai sauran mutane a gidan.

Muka dawo da shi Maraɗi. Bai cika wata uku ba Allah ya karɓi abinsa. Na san ajali ne, ko a kan katifar zinariya yake ranar ba za ta wuce ba. Amma duk tsawon takabata, in na rufe ido ledar ƙulin nan nake gani ina ƙullewa.

Ina fita takaba abin da na fara yi shi ne tattara gidan kaf zuwa awon jini. Ni aka ce na taɓa kamuwa amma jikina ya kore ta da kansa, kuma wai haka yake ga mafi yawan waɗanda suka kamu da girmansu. Jariri ne ba ya iya korar ta: cikin 10 da suka kamu a jarirai, kusan 9 takan zauna musu har tsufa, shiru, babu ciwon kai babu zazzaɓi. Abokiyar zamana ba ta da ita, aka yi mata allurar rigakafi sau uku. Yara ƙanana da suka samu alluran awo cikakku duk lafiya. Babban ɗana, wanda aka haifa tun ba a fara sa wannan rigakafin cikin alluran jarirai a nan ba, shi aka samu da ita.

Wanda ya ba ni wahala ƙanen maigidana ne, wanda muka je Yamai tare, ya ji komai da kunnensa. Sai ya ce, "Yaya, ki bar ni. Ciwon da ban sani ba bai hana ni kwana." Da ma akwai wasa tsakaninmu, na bi shi da wasa, na bi shi da kuka, daga ƙarshe na kai ƙararsa wajen tsohuwarsu. Da ya je aka same shi da ita, har ta fara taɓa hantar. Yau shekara biyar yana shan ƙwaya ɗaya kullum, duk wata shida a yi masa eko da awon jini, yana nan yana kasuwancinsa. Ɗana kuwa an ce bai kai ga shan magani ba tukuna, bibiya kawai ake yi. Ƙanen maigidan nan nawa uwa ɗaya uba ɗaya suke da marigayi, ƙwayar cuta ɗaya, bambancin kawai shi an gano da wuri.

Daga nan ido na ya buɗe a kan abubuwan da ban taɓa ɗauka komai ba. Cutar ta jini take bi. Reza ɗaya da ke yawo a tsakar gida, kowa ya yanke farce da ita. Masu yankan farce da ke bin majalisa da almakashi guda. Askar wanzami ranar suna, da ƙaho, da kaciya, da hujin kunne. Ban hana wanzaminmu zuwa ba, tsohon mutum ne mai mutunci, tun kakannin yara yake yi wa gidan aski. Amma na ce masa, "Baba, ga sabuwar reza, da ita za a yi." Ya ɓata rai ya ce askarsa gadon ubansa ce, ba ta taɓa cutar kowa ba. Na ce na yarda, amma a yi mini alfarma. Yanzu shi da kansa yake zuwa da sababbi a aljihu, ya ƙara kuɗinsu a kan ladansa.

Da matar ɗana ta samu ciki, tun wata na bakwai na je na sami ungozomar asibiti na gaya mata halin gidanmu. Aka auna matar ɗan nawa, aka kuma shirya allurar da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, kafin sauran na sati 6 da 10 da 14. Ungozomar ce ta ba ni labarin wata ƙasa, Taiwan, da ta fara yi wa jarirai wannan allurar a 1984, bayan shekaru aka ga kansar hanta ta ragu ƙwarai a cikin yaran da aka yi wa. Ranar da aka haifi jikata, mutane na ta barka, ni ina tsaye a bakin ƙofa sai da na ga allurar ta shiga cinyarta sannan na zauna.

Sana'a kuwa ban bari ba, da me zan ci da marayu? Sai dai na sake hannu. Wani malamin gona da ke zuwa ƙauyenmu ya nuna wa yayana, ni ma na je na zauna na saurara. Ashe tun daga gona abin ke farawa. In ruwa ya ɗauke da wuri gujiya ta sha ƙishi a ƙasa, ko aka bar ta ta wuce lokacin tuga, ko gara da hauya suka fasa kwanson, hunhuna ta samu ƙofa. Sai shanya a kan ƙasa tsirara, raɓa ta sauka, wani sa'in ruwan ƙarshen damina ya doke ta, a kwashe a ɗura a buhu da sauran danshi. Har da wani abu da duk muke yi: yayyafa wa gujiya ruwa da dare don ta yi sauƙin ɓara da safe. Malamin ya ce wannan kiran hunhuna ne da sunanta. Ya ce an gwada a wasu ƙauyukan ƙasar Gini, aka koya wa manoma shanya a kan tabarma, da tsincewa, da ɗora buhu a kan katako, ba wani magani mai tsada ba, kuma sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna gubar da ke jinin mutanen ta ragu da fiye da rabi.

Yanzu in zan sayi gujiya sai na girgiza kwanso na ji tana kaɗawa, na ɓara na ciza na ji ƙas. In ta yi laushi a haƙori, ko na sa hanci a buhu na ji warin ɗaki rufaffe, ko tiyar ta yi arhar da ta ba ni mamaki, sai in wuce. A gida buhunana a kan katako suke, nesa da bango, a ɗakin da iska ke ratsawa. Masara ma haka nake mata, don ita ma tana saurin kamuwa. Ta gefen faifai kuwa rami nake haƙa mata a bayan gida. Da farko akuyoyi na fara zuba wa, sai aka ce mini gubar na fita a nonon dabba, na daina. Ba ƙaramar asara ba ce. A buhu guda nakan fitar da abin da ya kusa tiya biyu in shekarar ba ta yi kyau ba, kuma ƙulina ya fi na maƙwabta tsada da ɗan abu. Wasu masu saye sun gudu. Wasu kuma sun ce nawa ba ya ɗaci, sun riƙe ni.

Akwai abu guda da na fi jin kunyar faɗa, amma don mata zan faɗa. A watan Oktoba, lokacin da ake ta shelar kansar mama a rediyo, ɗiyata ta matsa mini in je awon bakin mahaifa. Na ce ni da na haifi takwas, na aurar, me ya rage a duba? In kwanta gaban yarinyar da na yi jika da ita? Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofar asibitin ina juyowa. A na uku wata tsohuwa da ke kan benci ta kama mini mayafi ta ce, "Ɗiyata, zauna. Ni na yi kunya shekara uku ina zubar da jini, ga inda kunyar ta kawo ni." Na zauna. Abin ko minti goma bai kai ba. Wani ruwa mai tsami suke shafawa, in akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai zama kansa ba. Ni ba a ga komai ba, alhamdu lillahi. Aka kuma nuna mini yadda zan riƙa lalube mamana da hammata sau ɗaya a wata, in na ji ƙullutu ko na ga fatar ta canza kar in tsaya shafa man zafi. Tsohuwar nan ban sake ganinta ba, ban ma san sunanta ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, wasu na iya wasu sun fi ƙarfina. Ɗana ya bar sigari bayan da likita ya gaya masa a hayaƙinta akwai sinadarai kusan 70 da aka tabbatar suna jawo kansa, kuma ba huhu kaɗai suke ci ba, har da hantar da yake lallaɓawa. Ƙanensa kuwa har yau ina fama da shi a kan shisha, wai ai ruwa na tace hayaƙin. Ruwan ba ya tace wani abin kirki, sanyaya shi kawai yake yi ya fi daɗin zuƙa. Shayin fada ban isa in hana ba, na dai ce su bar shi ya huce, don abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 yana ƙona maƙoshi, kuma an danganta yawan hakan da kansar hanyar abinci. Suka yi mini dariya wai Inna ta zama dokta. Tsire da kilishi sun koma na marmari, baƙin da wuta ta ƙone kuma a kankare. Lemun kwalba sai ranar suna. Hura wuta da leda na hana, madafa kuma na sa an fasa mata taga, don mu masu suya mu muka san hayaƙin da muke sha. Yaran da ke zuwa wanka tabki in mun je Madarumfa, duk wanda na ji yana fitsarin jini asibiti za mu, ba na yarda da maganar wai tsargiya alamar balaga ce, tunda an ce in ta daɗe tana iya kaiwa ga kansar mafitsara.

Ni kaina na rage jiki. A nan in mace ta yi ƙiba sai a ce ana riƙonta da kyau, in ta rame a fara tambayar wa ya ɓata mata rai. Da na daina hawan kabu-kabu zuwa kasuwa na koma takawa, rabin awa zuwa rabin awa dawowa, har gaisuwar jaje aka zo yi mini, wai ko jari ne ya karye. An ce minti 150 a sati ake so, ni nawa ya wuce haka ba tare da na sayi takalmin gudu ba. Abinci kuma na koma na iyayenmu: tuwon hatsi, wake, rama, yakuwa, kuɓewa, da zogalen Jiratawa da ke shigowa gari kowace safiya, gishiri da dunƙulen ɗanɗano na rage hannu. Amma kar wani ya ji na ambaci zogale ya ce na ce maganin kansa ne. Abinci ne mai kyau, shi ke nan. Masu yawo da lasifika a mota suna cewa kwalba ɗaya na warkar da daji da sukari da basir, irinsu ne suka cinye mana wata biyar da jikka ɗari da wani abu.

Abin da har yau ban samu bakin zarensa ba shi ne talauci. A kasuwa ana sayar da tsintacciyar gujiya daban, da arha, kuma masu sayenta ba don ba su da hanci ba ne. Shekaran jiya ina cikin tsinta wata maƙwabciyata ta shigo, mijinta ya tafi cirani Libiya shekara biyu babu aike, yara biyar. Ta ga kwanon gefe ya cika ta ce, "Hajiya, wannan in ba ki so ki ba ni in yi wa yara miya." Na ce ba zan ba ta ba. Na ga fuskarta ta canza, ta fara gyara mayafi za ta tashi, na san abin da za a ce a unguwa kafin magariba: ta gwammace ta binne da ta ba mabuƙaci. Na ce ta zauna. Na ba ta labarin ledar ƙulin nan tun daga farko, abin da ban taɓa gaya wa kowa a unguwar ba. Ta yi shiru tana kallon kwanon. Sannan na ɗebi rabin tiya daga ƙwaryar kasuwa na juye mata a gefen zane.

Ta yi godiya ta kai bakin zaure, sai ta juyo ta ce, "To Hajiya, gobe fa?"

Na ce ta zo da faifanta bayan la'asar, ina neman mai taya ni tsinta.